Robin Hood: ɗan fashin da kowane zamani ya ɗinka wa irin rigarsa

A cikin waƙar Robin Hood mafi tsufa da ta iso hannunmu, wadda aka rubuta wajajen 1450 kuma take ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Cambridge, akwai wani wuri da masu shirya fim ba sa ko leƙawa. An kama Robin a wani coci a garin Nottingham na Ingila, bayan wani mai zaman zuhudu da ya taɓa yi wa fashin fam 100 ya gane shi ya tona masa asiri. Aka ba mutumin wasiƙa ya kai wa sarki albishir. Manyan yaran Robin biyu, Little John da Much ɗan mai niƙa, suka tare shi a hanya, suka yi ta yi masa daɗin baki har ya saki jiki da su, sannan John ya fille masa kai. Akwai wani ƙaramin yaro da ke yi wa mutumin hidima. Much ya sare shi shi ma, don kada ya je ya faɗi abin da ya gani. Waƙar ta faɗi haka a baiti guda ta wuce abinta, babu tsinuwa, babu nadama.

Wanda ya san Robin Hood ta fim ko ta littafin makaranta wani mutum dabam ya sani: ɗan sarauta da aka ƙwace wa gado, ya shige dajin Sherwood da kwari da baka, yana ƙwace dukiyar masu hali yana raba wa talakawa, yana da masoyiya Marian, yana kuma jiran dawowar Sarki Richard daga yaƙinsa da Salahuddin domin ya kawar da zaluncin ƙaninsa John. Kusan duk waɗannan daga baya aka liƙa su, kuma ana iya nuna shekarar da aka liƙa kowanne da wanda ya liƙa. Abin da ya fi wuya shi ne gano abin da ke ƙasa idan an ɓare su.

Ambaton farko da aka tabbatar a adabi ya zo ne wajajen 1377, a doguwar waƙar William Langland mai suna Piers Plowman. A ciki wani malamin coci, wanda aka siffanta shi da lalaci, yana faɗa da bakinsa cewa bai iya addu'ar da ya kamata kowane Kirista ya haddace ba, amma ya iya waƙoƙin Robin Hood. Langland zargi yake yi, bai tsaya bayanin ko wane ne Robin ba, domin masu saurarensa sun sani. Wato a 1377 waƙoƙin sun riga sun cika gari. Amma a bakin mawaƙa suke, ba a takarda ba, kuma waɗanda aka rubuta suka tsira sai bayan shekara saba'in ko fiye.

Mafi tsawo kuma mafi muhimmanci a cikinsu ita ce A Gest of Robyn Hode, mai baiti 456, wadda aka buga wajajen 1500. A cikinta Robin ba basarake ba ne, ba kuma bawan gona ba. Ɗa ne mai 'yancin kansa daga matsakaitan mutane, irin waɗanda ke riƙe da ɗan fili ko suke hidima a gidajen manya. Mazauninsa Barnsdale ne a Yorkshire, ba Sherwood ba, kuma mawaƙin ya san wurin sosai, har yana ambaton wani tudu kusa da Wentbridge inda ake hango matafiya a kan babbar hanyar da ta tashi daga Landan ta nufi arewa. Sarkin da ke cikin waƙar sunansa Edward, ba a ce na nawa ba. Babu Richard, babu John, babu Marian.

Wannan Robin yana da addini irin nasa. Ba ya cin abinci sai ya halarci sallar coci sau uku, yana girmama Nana Maryam, saboda ita ma ba ya taɓa ayarin da mace ke ciki. Umarnin da ya ba yaransa a fili yake: kada su taɓa manomin da ke bayan garmarsa, kada su taɓa barde mai mutunci, amma manyan malaman coci a ɗaure su a yi musu dūka, sannan kada a manta da sherif na Nottingham, wato wakilin sarki mai kula da haraji da kurkuku da kama masu laifi a lardin.

Yadda yake fashin ma abin dubawa ne. Ba ya cin abincin rana sai an kamo masa baƙo daga hanya. A ciyar da baƙo ya ƙoshi, sannan a ce ya biya, a tambaye shi nawa ke jakarsa. Wani barde da aka kawo, tufafinsa duk sun ƙoƙe, ya ce sule 10 kaɗai gare shi. Little John ya shimfiɗa mayafinsa a ƙasa ya zazzage jakar, ya tarar gaskiya ya faɗa. Da aka bincika, ashe ɗansa ne ya kashe mutum, ya jinginar da ƙasarsa ga shugaban gidan zuhudu na St Mary da ke York a kan fam 400 domin ya cece shi, ga wa'adi ya zo. Robin ya ranta masa kuɗin, ba da wani jingina ba, sai da sunan Maryam a matsayin mai lamuni. Da barden ya isa York ya fara gwada su, ya durƙusa yana roƙon a ƙara masa kwanaki. A zauren akwai babban alƙali, barden ya nemi ya sa baki, alƙalin ya amsa masa ƙiri-ƙiri cewa shi a hannun shugaban gidan yake, shi ke ba shi sutura da kuɗi. Sai barden ya zube fam 400 a kan teburi ya karɓi ƙasarsa. Bayan shekara yaran Robin suka kamo ma'ajin wannan gidan zuhudun. Ya rantse mak 20 kaɗai yake ɗauke da su, wato fam 13 da 'yan kai. Aka zazzage, sai ga fam 800. Robin ya ce ai Maryam ce ta aiko da biyan bashi, har ta ninka.

Duba wanda aka taimaka a nan: barde ne mai ƙasar da ta kai a jinginar a kan fam 400, a zamanin da lebura ke wuni yana aiki a kan 'yan kwabbai. Waƙar ta rufe da cewa Robin ya yi wa talakawa alheri mai yawa, amma babu wuri guda a tsofaffin waƙoƙin da aka nuna shi yana raba musu ganima. Abin da ya dame su shi ne wa ya faɗi gaskiya wa ya yi ƙarya, wa ya riƙe amana wa ya sayar da shari'a. A kan wannan ne masana tarihi biyu na Ingila suka yi ja-in-ja: Rodney Hilton a 1958 ya ce Robin gwarzon manoma ne, irin waɗanda suka yi boren 1381, shi kuwa J. C. Holt a 1960 ya ce waƙoƙin a zaurukan masu ƙasa aka fara rera su, ga iyayen gida da barorinsu. A ganina labarin barden nan ya fi goyon bayan Holt. Manomin da ke fama da aikin tilas a gonar ubangijinsa ba zai ji kukansa a cikin waɗannan baitoci ba.

To, akwai mutum na gaske a bayan sunan? Ingila ƙasa ce mai ajiye takardun kotu da na baitulmali tun ƙarni na 12, saboda haka an yi ta tono. A 1852 Joseph Hunter ya fito da abin da ya yi kama da amsa. Ya sami wani Robyn Hode a cikin jerin masu hidimar ɗakin Sarki Edward na biyu a 1324, ya kuma sami wani Robert Hood a Wakefield, kusa da Barnsdale, da matarsa Matilda. Ya haɗa su ya ce mutum ɗaya ne: ya bi Thomas na Lancaster a tawayen da aka murƙushe a Boroughbridge a 1322, ya gudu daji, sarki ya zo arewa a 1323 ya yafe masa ya ɗauke shi aiki, kamar yadda waƙar ta ce Robin ya zauna a fada wata 15 kafin kewar daji ta mai da shi. Labarin ya zauna daram, har sai da aka sami takardar da ta nuna wannan Robyn yana karɓar albashin fada tun watan Yunin 1323, kafin sarkin ya isa Nottingham a watan Nuwamba. An kuma sallame shi a ƙarshen 1324 da sule 5 saboda ba ya iya aiki kuma. Wannan ba hoton wanda zai koma daji ya shekara 22 yana fashi ba ne. Babu kuma takardar da ta haɗa shi da na Wakefield, ko ta ce ɗayansu ya taɓa karya doka.

Hujjar da ta fi rusa wannan, ta kuma sauya tambayar baki ɗaya, David Crook ne ya fito da ita a 1984. A 1261 an tuhumi wani William ɗan Robert le Fevre a Berkshire da zama cikin gungun ɓarayi, ya tsere. A shekarar da ta biyo, da maganar kayansa ta iso fadar sarki, magatakardan da ya kwafi shari'ar bai rubuta sunan mahaifinsa ba, sai ya rubuta William Robehod. Mutum ɗaya, shari'a ɗaya, amma magatakarda ya ga ɗan fashi ya laƙaba masa sunan da ake kiran 'yan fashi da shi, kamar dai yadda Bahaushe zai kira attajiri mai girman kai Ƙaruna ba tare da ya tsaya bayani ba. Berkshire kuwa a kudu take, nesa da Yorkshire. Daga nan zuwa 1300 an sami wasu mutane da dama a takardu da irin wannan laƙabi, da yawansu masu laifi. Ma'ana, a 1262 sunan ya riga ya zagaya ƙasa. Duk wanda ya rayu bayan haka ba shi ne tushe ba, sai dai ya ari sunan ko a ara masa.

Wannan ya fitar da mutumin Hunter. Ya kuma fitar da Roger Godberd, wanda wasu ke so ƙwarai saboda rayuwarsa ta yi kama da waƙar: yana cikin magoya bayan Simon de Montfort, jagoran tawaye ga sarki, da aka ci da yaƙi a Evesham a 1265, ya addabi yankin Sherwood, wani barde mai suna Richard Foliot ya ba shi mafaka, aka kama shi a 1272. Mai yiwuwa ne labarinsa ya shiga cikin waƙoƙin, amma ya makara da zama asali.

Wanda ya rage shi ne wanda L. V. D. Owen ya tono a 1936. Alƙalan sarki sun zauna a York a 1225, kuma a lissafin baitulmali na 1226 an rubuta cewa akwai sule 32 da sisi, kuɗin kayan wani Robert Hod wanda ya gudu daga shari'a. A shekarar da ta biyo an rubuta sunan Hobbehod. Wuri ya yi daidai, lokaci ya yi daidai, kuma shi kaɗai ne cikin masu sunan na farko-farko da aka tabbatar doka na nemansa. Wani abin jan hankali, sherif na Yorkshire a lokacin, Eustace na Lowdham, ya taɓa riƙe muƙamin mataimakin sherif a Nottingham, kuma a 1225 ɗin an ba shi kuɗi ya farauto wani Robert na Wetherby, aka kashe shi aka rataye gawarsa da sarƙa. Crook ya kawo yiwuwar cewa Robert ɗin biyu mutum ɗaya ne. Idan da za a tilasta mini zaɓe, wannan zan nuna. Sai dai abin da takarda ta bayar suna ne da kuɗin kaya, ba ta faɗi laifinsa ba, ba ta ambaci daji ko baka ba. Robert na cikin sunayen da suka fi yawa a Ingila ta lokacin, Robin kuwa sunan wasa ne na Robert, Hood ma ba baƙon suna ba ne.

Marubutan tarihi na da ma ba su daidaita ba. Andrew na Wyntoun, wajajen 1420, ya ajiye Robin a 1283. Walter Bower, bayan shekara ashirin, ya ce 1266, ya kuma kira shi shahararren mai kisan kai wanda jahilai ke son jin waƙarsa. A 2009 Julian Luxford ya ga wani ɗan rubutu a gefen shafin littafin tarihi a Kwalejin Eton, na wajajen 1460, inda wani mai zaman zuhudu ya ce Robin da mutanensa sun addabi Sherwood da fashi ba ƙaƙƙautawa. Dukansu daga waƙa suka ɗauko, suka nema mata gurbi a tarihi.

Inda gaskiyar tarihi take da ƙarfi shi ne a duniyar da waƙoƙin suka zana. Mutumin da aka tuhuma da babban laifi, aka yi ta kiransa a zaman kotun lardi bai zo ba, a kira na biyar sai a ayyana cewa doka ta zare hannunta daga kansa. Kayansa sun zama na sarki, kuma a farkon zamani kowa na iya kashe shi kamar kyarkeci. Ga kuma dokar daji da sarakunan Norman, waɗanda suka tsallako daga Faransa suka ci Ingila a 1066, suka kawo, wadda ta keɓe manyan yankuna, har da gonaki da ƙauyuka a ciki, domin farautar sarki. Kashe barewa a irin wannan wuri na iya jawo a nakasa mutum ko a kashe shi, har sai da yarjejeniyar daji ta 1217 ta soke wannan hukunci ta bar tara da ɗauri. Sherwood na cikin waɗannan dazuzzuka, Barnsdale ba ya ciki. Shi ya sa ake ganin labari biyu ne suka haɗu, na ɗan fashin hanya a Yorkshire da na maharbin barewar sarki mai gaba da sherif a Nottingham.

Gungun 'yan fashi na gaske kuwa ba talakawa ne ke jagorantarsu ba. 'Yan gidan Folville na Leicestershire 'ya'yan mai ƙasa ne, ɗayansu ma limamin coci. A 1326 sun kashe Roger Bellers, babban jami'in baitulmali. A 1332 sun sace alƙalin sarki Richard Willoughby, suka yi ta yawo da shi daga daji zuwa daji sai da aka biya fansar mak 1,300. Jagoransu Eustace ya je ya yi wa Edward na uku yaƙi, aka yafe masa, ya mutu a 1346 ba a taɓa hukunta shi ba. Shi kuwa Willoughby, a 1340 aka tuhume shi da sayar da shari'a kamar mai sayar da shanu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma mutanen zamanin sun san haka, shi ya sa da yawansu ba su ga laifin Folville ba. Irin wannan alƙalin ne ke zaune a zauren York cikin waƙar. Hatta wasu dabarun Robin, irin su ɓad da kama da tufafin mai tukwane ko gwada matafiyi da tambayar abin da ke jakarsa, an riga an ba da su a labaran wasu 'yan tawaye na gaske na zamanin Sarki John, wato Fulk FitzWarin da Eustace wanda ya bar zaman zuhudu ya zama ɗan fashin teku. Mawaƙa aro suke yi ba kunya.

Daga ƙarni na 15 Robin ya fita daga waƙa ya shiga wasa. An rubuta biyan 'yan wasan Robin Hood a Exeter tun 1427. A bukukuwan shigowar bazara, matasan ƙauye kan sa koren kaya, ɗaya ya zama Robin, su bi mutane suna karɓar kuɗi, a zuba a asusun gyaran coci. A nan ne ya haɗu da Marian, wadda ta fito daga wata al'adar wasa dabam mai tushe a Faransa, da kuma Friar Tuck, malamin nan mai tumbi. Wani limami a Sussex, Robert Stafford, ya yi fashi da laƙabin Friar Tuck a 1417. Abin ya kai Sarki Henry na takwas da fadawansa sun yi shigar mutanen Robin sun faɗa ɗakin sarauniya a 1510 don wasa. Bishop Hugh Latimer ya yi ƙorafi a huɗubarsa ta 1549 cewa ya je wani gari wa'azi ya tarar da coci a kulle, aka ce masa yau ranar Robin Hood ce. Majalisar Sikotilan ta haramta wasan a 1555.

Sauran kayan adon a jere suka zo. John Major, masani ɗan Sikotilan, shi ne a 1521 ya mai da Robin zamanin Richard na ɗaya, ba tare da ya kawo hujja ba, shi ne kuma ya ce yana ciyar da matalauta da dukiyar shugabannin gidajen zuhudu. Zaɓen zamanin bai ma dace da kayan labarin ba: Richard ya mutu a 1199, irin ƙungiyoyin malamai mabarata da Tuck ke ciki ba su shigo Ingila ba sai 1221 da 1224, kuma ɗaukakar dogon baka ta ƙarni na 14 ce, lokacin da Edward na uku ya wajabta koyon harbi a ranakun hutu a 1363. Richard ɗin ma da ake yi wa kallon mai ceto, wata shida kacal ya yi a Ingila cikin shekara goma na mulkinsa, kuma da aka kama shi a hanyar dawowa daga yaƙi, fansarsa ta mak 150,000 daga aljihun mutanen ƙasar aka tatso ta. A 1598 Anthony Munday ya rubuta wasan kwaikwayo ya naɗa Robin sarautar Huntington, domin 'yan kallo na Landan sun fi samun natsuwa da basaraken da aka zalunta a kan talaka mai ɗaukar makami. A 1746 William Stukeley ya ƙaga masa salsala ta ƙarya sukutum. Joseph Ritson, mai goyon bayan juyin juya halin Faransa, ya tattara waƙoƙin a 1795 ya fito da Robin a matsayin gwarzon talakawa, sannan Walter Scott a 1819 ya mai da shi ɗan kishin Saxon, wato mutanen da Norman suka tarar a Ingila, mai yaƙar Norman, rikicin da babu ko ƙamshinsa a tsofaffin waƙoƙin. Abokin nan Musulmi da ake gani tare da shi a finafinai, a shekarun 1980 ya shigo.

Waƙar Gest ta ce Robin ya mutu ne a gidan zuhudun mata na Kirklees, inda shugabar gidan, 'yar uwarsa, ta ci amanarsa lokacin da ya je a tsaga masa jijiya a rage masa jini. Akwai kabari a can har yau, amma rubutun da ke kansa Turancin da ne na kwaikwayo, kuma kwanan watan da aka sa na 1247 babu irinsa a lissafin kalandar Rum da aka yi amfani da ita. Nottingham ce ta ci ribar sunan: ta kafa masa mutum-mutumi a gindin ganuwar fadarta a 1952, ga kuma tsohuwar bishiyar Major Oak a Sherwood da ake nuna wa baƙi a ce maɓoyarsa ce. Mutanen Yorkshire, waɗanda tsofaffin baitoci ke bayansu, sun yi yunƙurin ƙwato shi a 2005 da suka sa wa sabon filin jirgin saman Doncaster sunan Robin Hood, abin da bai yi wa mutanen Nottingham daɗi ba. An rufe filin a 2022.